Koren Fenti a Bayan Ragon Suna

Ni ne mutumin da ya shafa wa tumakinsa koren fenti. Idan ka taɓa zama wajen mai shayi a Gwiwa ka ji ana ba da labarin wani dattijo daga Kazaure da ya zo da gwangwani da buroshi yana bin tumaki a guje, kada ka wahalar da kanka da tambaya, ni ne. Abin da masu ba da labarin ba su sani ba shi ne, ba haukan banza na yi ba. Ilimin kwamfuta ne ya kai ni, ni da na bar makaranta a aji biyu na koma gyaran keke, na kuma tsufa a kansa.

'Yata ta fari ita ta yi karatun da na gudu na bari. Ta karanci kwamfuta, ta yi aure a Kano, tana yi wa wasu mutane aiki daga cikin ɗakinta, mutanen da ba ta taɓa gani ido da ido ba. Da cikinta na fari ya tsufa, aka dawo mana da ita goyon ciki kamar yadda aka saba. Surukina, wato uban mijinta, shi ya taso daga Babura ya rako ta da kansa. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada kalmomin su faɗi su fashe. Ni kuwa in na ga mai natsuwa irin haka, bakina ƙaiƙayi yake yi. Muna zaune a zaure, ga maƙwabta sun shigo gaisuwa, sai na ji kaina ina cewa:

"Alhaji, maganar ragon suna kada kowa ya wahala. Ina da wani fari a ruga, in ya tsaya sai ka rantse ɗan maraƙi ne."

"Ai wannan nauyin yaronmu ne, Malam," in ji shi.

"Na ɗauke masa. Jikana na fari, a yanka masa ragon kasuwa? Ina raye?"

Ya ce Allah ya saka da alheri. Maƙwabta suka ce amin. Daga bayan ƙofa na ji mai ɗakina ta yi tari, irin tarin da ba na mura ba.

Yarinyar ta zo da kwamfutarta. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta jingina da matashi, ta ɗora abin a kan kujera 'yar tsugune tunda ciki ya cinye cinyar, ta yi ta ƙwanƙwasa. Wai akwai aikin da take so ta gama kafin ta sauka. Ni kuma son sani ya hana ni sakat. Sai dai 'yar fari ce, ban taɓa kiran sunanta ba, ban kuma saba tsayawa hira da ita gaba da gaba ba. Don haka na samo dabara. Na jawo wani tsohon keke kusa da ita, na juya shi ƙafa sama, na dubi bishiyar na ce:

"Oh, ko me ake ta bugawa haka tun safe, Allah masani."

Ita ma da yake jinina ce, ba ta dube ni ba. Bishiyar ta duba.

"A faɗa wa mai tambaya," ta ce, "akwai wata manhaja da aikinta kama kuskure a cikin wasu manhajojin. In abu ya lalace, ita ke tsayar da komai cak a duba wa ya yi ɓarna. To a cikin kowace manhaja akwai ƙananan 'yan aiki da yawa, kowa na gudu da nasa aikin a lokaci guda. Mu zare muke ce musu. Kafin a kama mai ɓarna, sai an nemo shi a cikin taron."

"To sai a nemo shi mana," na ce wa darbejiya.

"Nan matsalar take. Shekara da shekaru, duk wanda ya zo ya taɓa manhajar sai ya rubuta tasa hanyar neman. Wani da lamba yake nema, wani sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya, wani ya tafi wajen wanda aka gani na ƙarshe. Wata rana ka tambayi hanya biyu su nuna maka mutum biyu daban. Ni aikina in tattara hanyoyin nan su zama ƙofa ɗaya, kowa ya bi ta nan."

"Wato sabon abu za a ƙera."

"A'a, gyaran ɗaki ne kawai. Kayan suna nan yadda suke, wurin zamansu ne zai canza. Amma kafin a taɓa ko guda ɗaya, dole sai an..."

Daga nan ban ƙara jin komai ba. Bakinta na motsi, ni kuwa kaina ya riga ya tafi ruga. Ƙofa ɗaya! Ai wannan ciwon gidana ne aka kwatanta.

Ga yadda abin yake. 'Yan tumakin da Allah ya ba mu ba a wuri ɗaya suke ba, don gidan cikin gari ba ya ɗaukar dabba da damina. Wasu suna Roni wajen ƙanwar mai ɗakina. Wasu suna Kanya Babba wajen ƙanena. Mafi yawa suna wata ruga bayan Gwiwa, hannun wani abokina Bafulatani da muka san juna tun ina yi wa mahaifinsa facin taya. In ka tashi neman wata dabba, kowa da tasa hanyar. Ƙanena da tsagar kunne yake ganewa. Bafulatanin da kama da hali, sai ya ce maka mai baƙin ido, ko mai tsoron kare. Mai ɗakina kuwa da dangantaka take bi: wannan 'yar wacce aka ba ta ce ranar da ta tare, waccan jikar wacce ta karye a rijiya. Sai ta ja maka asalin tunkiya har kaka ta huɗu, ita da ba ta cika riƙe sunayen dangina ba. Ni kaɗai ne ba ni da hanya. Farar tunkiya a wajena farar tunkiya ce. Kullum ina maigida amma sai na yi tambaya kamar baƙo.

Washegari na sayi gwangwanin koren fenti da buroshi. Na tsaya a tsakar gida na yi shela, da ƙarfi don bishiya ta ji:

"Daga yau an rushe tsagar kunne, an rushe asalin kakanni. Dabbar gidan nan duk inda take, kore ne a gadon bayanta. Mai neman dabba ya zo wajena. Ƙofa ɗaya!"

Mai ɗakina tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Allah ya ba da sa'a, Malam." Yarinyar ta dubi uwarta, ta koma kan kwamfutarta.

Na hau acaɓa na zaga. Roni da Kanya Babba ba a sha wahala ba, an riƙe mini ina shafawa. A ruga ne aka yi wasan. Abokina ya nuna mini nawa da sandarsa, ya koma gindin tsamiya ya zauna, ya ce shi ba zai sa hannu a wannan aiki ba, kallo ya zo yi. Na bi tumaki, tumaki suka bi daji. Rabin fentin a rigata ya ƙare. Da na kama babban ragon, farin nan da na yi alkawari, na zuba masa har sau biyu don girmamawa.

"Kaɗo," in ji abokina, don haka Fulani ke kiran Bahaushe, yana share hawayen dariya, "tunkiya ce ko ƙofar shago?"

"Kai dai ka huta," na ce. "Daga yau na sauke maka nauyi. Kada ka ƙara riƙe mini komai a ka. Ilimin zamani ne, daga kwamfuta aka ɗauko."

"To, na sauke," ya ce.

Da na tsaya nan da an tsira. Amma a hanyar dawowa na tsaya shan shayi a Gwiwa, aka ga rigata aka tambaya, ni kuma na miƙe ƙafa na yi wa jama'a lacca. Na yi bayanin 'yan aiki masu gudu a cikin kwamfuta, na ƙara da wasu abubuwan da yarinyar ba ta faɗa ba. Na ce duk mai dabba a hannun wani, in bai yi haka ba yana cikin duhu. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ban taɓa jin daɗin shayi irin na ranar ba.

Bayan kwana biyu mai ɗakina ta same ni ina cin tuwo ta ce, "Malam, akwai maganar ragon nan da nake so..."

Na ɗaga hannu. "Kore ne a bayansa?"

"Kore ne."

"To magana ta ƙare. Duk inda yake zan gan shi."

Ta ce to. Ta ƙara mini miya ma.

Yarinyar ta gama aikinta ta tura, mutanenta suka duba suka karɓa, kwana kaɗan ta sauka lafiya, aka samu mace. Gida ya cika da mata da hayaƙin ruwan wanka. Ana gobe suna na saka rigata mai kyau, na ɗauki ɗan acaɓa, na nufi ruga ɗauko rago.

Tun daga nesa na hango matsala. Garken na gangarowa daga tudu, kuma duk kore ne. Ba nawa kaɗai ba, duka. Manya da ƙanana, har da wani bunsuru. Ashe mutanen da na yi wa lacca sun ji magana. Duk mai dabba a hannun abokina ya zo ya shafa wa tasa, kuma mai shagon garin launi ɗaya gare shi, ragowar wanda aka saya don ƙofofin masallaci. Kowa ya tafi gida yana murna ya yi wa dabbarsa alamar da ba ta ɓata.

A nan ne wata magana ta faɗo mini, wadda na ji da rabin kunne wata rana ina gyaran sarƙar keke. Yarinyar tana faɗa wa bishiya cewa lamba ɗaya tana iya zama ta 'yan aiki biyu in ba gida ɗaya suke ba, don haka ba a tambayar lamba sai an fara tambayar gidan. A lokacin na ɗauka zancen bai shafe ni ba.

Abokina ya taho yana dogara sanda, fuskarsa kamar ta mai zuwa ta'aziyya, amma kafaɗunsa na rawa.

"Kaɗo, sannu da zuwa. Ga su nan, zaɓi naka."

"Ai na gan shi," na ce, alhali fararen raguna manya sun kai biyar suna kallona.

"In faɗa maka wata magana a kan ragonka?"

"Na tambaye ka?"

"Ba ka tambaye ni ba. Ka ma ce in sauke."

"To ka ci gaba da saukewa."

Ya ce in jira shi ya kai shanu mashaya ya dawo, akwai zance. Na san zancen, dariya ce zai ƙara. Yana ba da baya na dubi ragunan, na zaɓi wanda ya fi girma, don a ganina ragon da na yi wa surukina alkawari ba zai zama na biyu a garke ba. Muka kama shi da ɗan acaɓa, muka ɗaure, na rungume shi a cinya. Tun daga Gwiwa har Kazaure ragon nan bai daina kuka ba, kuma abin da ya yi wa rigata mai kyau ba na rubutawa ba ne. Wayata ta yi ta ruri a aljihu, na duba na ga abokina ne, na kashe ta gaba ɗaya.

Na ɗaure shi a ƙofar gida inda kowa zai gani. Mai ɗakina ta leƙo, ta dube shi sama da ƙasa, ta daɗe tana dubawa.

"Malam, wannan ne?"

"Ba ki ga kore ba?"

"Na gani," ta ce, ta koma ciki.

Da safe bayan an fito masallaci aka shimfiɗa tabarmi. Surukina ya iso da mutanen Babura mota guda, ga liman, ga maƙwabta, ana raba goro da dabino. Surukina ya dubi ragon ya ce, "Ma sha Allah, Malam, ba ka yi ƙari ba." Na ce ai wannan ƙaramin ne a cikinsu. Mahauci na wasa wuƙa, liman ya gyara zama zai tambayi sunan da za a raɗa, sai ga babur ya tsaya a gabanmu. Abokina ne a gaba. A bayansa wata tsohuwa ce 'yar firit, ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ba ta jira babur ya gama tsayawa ba ta diro.

"Ina ɓarawon? Ina mai fentin?"

Ragon na jin muryarta ya tsinke da kuka yana jan igiya. Ta rungume wuyansa tana yi masa magana kamar ɗa, sannan ta juyo kaina.

"Kai ne? Da furfurarka? Ragon layyata da na yi shekara ina ba shi dusa da hannuna kafin in kai shi ruga! Kai ka ce mana mu shafa kore, muka shafa, ashe dabara ce ta kwashe mana dabbobi!"

"Iya, ki yi haƙuri, kuskure ne na ilimi..."

"Iyarka tana gida! Na girme ka ne?"

Wallahi ta girme ni, amma ba ranar gardama ba ce. Mahauci ya mayar da wuƙa cikin kube a hankali. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri, na san dariya yake dannewa. Mutanen Babura suka shiga kallon sama kamar masu neman wata. Abokina ya matso kusa da ni ya ce a kunne, "Na kira ka har batirina ya mutu. Naka ba ya ruga, Kaɗo. Ya daɗe da tafiya."

Ga jama'a, ga jaririya na jiran suna, ga ragon da na cika baki a kansa ya zama na wata, nawa kuma ban san duniyar da yake ba. Surukina ya matso, cikin muryar nan tasa mai taushi, ya ce, "Malam, ba komai. Bari in aika yaronmu kasuwa yanzu, ai ba a rasa ba." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Sai muka ji kukan rago daga cikin gida.

Ƙanwar mai ɗakina ce ta fito zaure tana jan igiya, ta miƙa wa na kusa. Ga shi nan, fari, ya yi ƙiba har wuya ya ninke, koren bayansa ya koɗe saura ɗan alama. Daga bayan ƙofa muryar mai ɗakina ta fito, ba da ƙarfi ba, amma babu wanda bai ji ba:

"A faɗa wa Malam, ɗan tunkiyar da ta karye a rijiya ne. Washegarin da ya shafa fenti na aika aka kai shi Roni a turke shi ya yi nama. Jiya da rana aka kawo shi, yana bayan madafi. Na zo faɗa masa ya ce magana ta ƙare."

Wato ranar da na je ruga na sha rana da fitsarin ragon mutane, nawa yana cikin gidana yana cin harawa, taku kaɗan daga inda nake ajiye takalmi.

Aka yanka, aka raɗa suna, aka yi addu'a. Tsohuwar ba ta tafi ba sai da ta ci waina ta ƙoshi, aka ƙulla mata nama, aka ɗauki mota aka mayar da ita da ragonta, tana tafe tana ba ragon labarina. Surukina da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce rago ya yi kyau ƙwarai, kuma in na samu lokaci in zo Babura in yi musu bayanin tsarin nan na fenti. Har yau ban gane ko da gaske yake ba, mutumin ba a karanta fuskarsa.

Da la'asar gida ya ɗan lafa. Na zagaya ta gindin darbejiya kamar mai neman wani abu, daidai tagar ɗakin da mai jego take. Na tsaya ina duban ganye na ce, "Oh, ashe ita ma kwamfutar nan ƙarya take yi. An ce ƙofa ɗaya, mun yi ƙofa ɗaya, ga inda ta kai mu."

Na ji 'yar dariya daga ciki, da motsin jaririya. Sannan ta yi magana, kuma a karon farko ba bishiya ta yi wa ba.

"Baba, ni kafin in rushe tsofaffin hanyoyin nan, sai da na zauna da kowacce na ji abin da ta sani wanda sauran ba su sani ba, na kwashe shi na zuba a sabuwar. Shi ya ci mini wata guda. Kai wa ka tambaya?"